Nazari a Kan Ƙa'idar Cockcroft da Gault ta Awon Aikin Ƙoda

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin nazari a kan wata maƙala da likitoci biyu na ƙasar Kanada, Donald Cockcroft da Henry Gault, suka buga a mujallar Nephron a shekarar 1976, tare da ƙa'idar lissafin da ta fito daga cikinta, wadda ake ƙiyasta ƙarfin aikin ƙoda da ita. Mai yiwuwa ne wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce, ina ruwan malamin kwalejin ilmi da abin da ya shafi likitoci? To, muna da ruwa da tsaki a ciki, domin mu ne ke horar da malaman da za su koyar da ilmin halittu da na kiwon lafiya, ita kuwa wannan ƙa'ida ta daɗe da shiga littattafan ɗaliban aikin jinya da na harhaɗa magunguna a matsayin abin haddacewa, ana bitarta ba tare da an tambayi inda lambobinta suka samo asali ba.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ita maƙalar ta yi aikinta da gaskiya kuma ta faɗi iyakarta, amma adadin da ƙa'idar take bayarwa rabinsa labarin ƙoda ne, rabinsa kuwa labarin tsoka ne, kuma tsokar da aka gina lissafin a kanta ta wasu keɓantattun mutane ce. Wanda bai san haka ba zai iya karanta sakamakon gwaji daidai, ya kuma yanke hukuncin da ba daidai ba.

2.0 ABIN DA AKE AUNAWA

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan 1, waɗanda ake kira nefuron. Kowane nefuron yana da sassa biyu: wani curi na siraran jijiyoyin jini inda ake tace ruwan jini, da kuma wani siririn bututu wanda ruwan da aka tace yake bi, inda jiki yake sake tsotse mafi yawansa. A jikin matashi mai lafiya, ƙodojin biyu suna tace kimanin mililita 125 a minti guda, watau kusan lita 180 a cikin awa 24, alhali abin da yake fita a matsayin fitsari galibi bai wuce lita 1 da rabi ba. Wannan yawan tacewa a minti shi ne babban ma'aunin lafiyar ƙoda. Tun daga shekarar 2002 aka yi ittifaƙi a kan cewa idan ya zauna ƙasa da 60 har tsawon wata 3 to akwai cutar ƙoda mai daɗewa, idan kuma ya faɗi ƙasa da 15 to ƙodar ta gaza, an doshi batun wanki ko dashe ke nan.

Matsalar ita ce ba wanda zai iya kai mudu bakin curin nan ya auna abin da yake tsiyaya. Sai dai a bi ta bayan gida, watau a nemi wani sinadari wanda yake wucewa ta matacin ba tare da cikas ba, wanda kuma bututun ba ya tsotse shi, ba ya kuma ƙara shi. Idan aka san yawan sinadarin da ya fita cikin fitsari a minti guda, aka raba da yawansa a cikin ruwan jini, abin da aka samu shi ne yawan ruwan jinin da ƙoda ta tsame wannan sinadari daga cikinsa a minti. Wannan shi muke kira awon tsamewa a cikin wannan takarda. Van Slyke da abokan aikinsa ne suka tsara wannan tunani a 1928 a kan sinadarin yuriya. A tsakiyar shekarun 1930 kuma Homer Smith da A. N. Richards suka nuna cewa inulin, wani sinadari da ake samu a jikin tsirrai, shi ya fi cika sharuɗɗan. To amma inulin sai an ɗura shi ta jijiya an yi ta ɗibar jini da fitsari, aikin da ba ya yiwuwa a asibiti mai cunkoso.

Daga nan aka koma ga kiriyatinin. Shi wannan datti ne da tsoka take fitarwa kullum daga sinadarin kiriyatin da ke cikinta, kusan a bisa ƙima ɗaya, sai jini ya kwashe shi ya kai wa ƙoda. Rehberg, wani masani ɗan ƙasar Danmak, shi ya fara gwada shi a 1926, yana ba mutum ya sha; zuwa ƙarshen shekarun 1930 aka gane wanda jiki yake yi da kansa ma ya wadatar. Alal misali, mutum ya tara fitsari mililita 1,440 a cikin awa 24, watau mililita 1 ke nan a minti, tun da mintocin yini da dare 1,440 ne. Idan kiriyatinin na fitsarin miligiram 100 ne a desilita, na jini kuma miligiram 1.0, to awon tsamewarsa 100 ne a minti.

A kan takarda abin ba wuya. A aikace kuwa akwai aibi uku. Na farko, bututun nefuron yana ƙara zuba kiriyatinin a cikin fitsari ban da wanda aka tace, har awon ya ɗara gaskiya da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a jikin mai lafiya, kuma ƙarin yana daɗa yawa a yayin da ƙodar take daɗa lalacewa, kamar yadda Shemesh da abokan aikinsa suka nuna a 1985. Watau daidai lokacin da aka fi bukatar gaskiya, a lokacin ne gwajin yake fi yi wa ƙoda kara. Na biyu, hanyar da aka daɗe ana auna kiriyatinin da ita, wadda Max Jaffe ya gano a 1886, ta dogara ne ga launin ja-ja da yake bayyana idan an haɗa shi da wani ruwan asid, kuma akwai waɗansu abubuwa a cikin jini, irin su sukari da furotin da wasu magunguna, da su ma suke ba da wannan launi, sai adadin jini ya fito sama da yadda yake. Abin dariya a nan shi ne, kuskuren farko yana ɗaga sakamako, na biyu yana sauke shi, har aka shekara da shekaru ana samun amsa mai kama da daidai saboda kurakurai biyu sun kashe juna.

Aibi na uku shi ne tara fitsarin kansa, kuma shi ya fi kowanne ɓarna. Ana bukatar majiyyaci ya zubar da fitsarin farko na safe, ya lura da lokaci, ya tara duk wanda ya biyo baya a jarka, har da na farkon safiyar gobe a daidai wannan lokaci, kuma ya ajiye jarkar a wuri mai sanyi. Manomi ko ɗan kasuwa ko matar aure mai hidimar gida, kowanne zai yi yini guda yana fama da jarka, ga kunya, ga zafin bazara. Idan mutumin misalinmu na sama ya manta da rubu'in fitsarinsa, awonsa zai sauko daga 100 zuwa 75 ba tare da komai ya sami ƙodarsa ba. Idan kuma ya haɗa da na safiyar farko, awon zai haura. Wannan wahala ce Cockcroft da Gault suka yi niyyar raba likita da majiyyaci da ita.

3.0 MAƘALAR DA YADDA AKA GINA TA

An yi aikin ne a asibitin tsofaffin sojoji na Queen Mary da ke birnin Montreal. Gault ƙwararren likitan ƙoda ne, Cockcroft kuwa a lokacin yana neman ƙwarewa ne, kuma daga baya ma a fannin cututtukan huhu da asma ya yi suna. Sun duba bayanan majiyyata 249, masu shekara 18 zuwa 92, suka lura cewa yawan kiriyatinin da mutum yake fitarwa a kan kowane kilogiram na nauyinsa yana raguwa da ƙaruwar shekaru, kusan a bisa miƙaƙƙen layi. Daga nan suka fitar da ƙa'idar: a ɗebe shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa a kilogiram, sa'an nan a raba da abin da aka samu idan an ninka 72 da kiriyatinin na jini a miligiram cikin desilita. Ga mace kuma a rage kashi 15 cikin 100, watau a ninka da 0.85.

Ya kamata mu tsaya a kan lambobin nan biyu, 140 da 72, domin ɗalibai kan ɗauke su tamkar wani sirri na halitta. Layin da marubutan suka samu yana cewa ne, kiriyatinin da mutum yake fitarwa a yini, a miligiram kan kowane kilogiram, shi ne 28 a ɗebe shekarunsa sau 0.2. Ɗan shekara 40 ke nan zai fitar da 20, ɗan shekara 80 kuwa 12. Idan aka fitar da 0.2 waje, sai 28 ta koma 140. Idan kuma aka haɗa wannan 0.2 da mintoci 1,440 na yini da kuma 100 ta juya desilita zuwa mililita, sai a sami 72. Ashe ke nan duk abin da ke saman layin rabawa ba kome ba ne illa zato a kan abin da da za a samu a cikin jarkar da ba a tara ba. Ƙa'idar ba ta kawar da jarka ba, ta dai maye gurbinta da matsakaicin jarkokin mazajen wancan asibiti.

Ta fuskar tsari, akwai abubuwan yabo a maƙalar waɗanda bai kamata a tauye su ba. Marubutan ba su tsaya ga ƙirƙiro ƙa'ida ba, sun gwada ta a kan majiyyata 236 waɗanda aka yi wa kowannensu awon awa 24 har sau biyu, suka kuma kwatanta ta da waɗansu hanyoyi huɗu da suka riga ta. Dangantakar da suka samu tsakanin ƙiyasi da awo ta kai 0.83. Hujjarsu mafi ƙarfi, a ganinmu, ita ce cewa bambancin da ke tsakanin ƙiyasin ƙa'idar da awon gaske bai fi bambancin da ke tsakanin awo biyu na mutum guda ba. Wannan magana ce ta masu sanin ya kamata: ba su ce ƙa'idarsu gaskiya ce tsantsa ba, sun ce dai ba ta fi jarka kuskure ba. Haka nan kuma ƙa'ida ce da za a iya lissafawa da fensir a bayan katin majiyyaci, a zamanin da ba kwamfuta a ɗakin jinya. Wannan sauƙi, ba fifikon daidaito ba, shi ya raya ta har yau.

4.0 INDA ƘA'IDAR TAKE TUNTUƁE

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne ma'aunin da aka gwada ƙa'idar da shi. Ba da inulin aka gwada ta ba, da awon tsamewar kiriyatinin aka gwada ta, wanda muka riga muka ga aibobinsa. Saboda haka ta gaji ƙarin da bututu yake yi, ta kuma gaji hanyar Jaffe ta wancan zamani. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka daidaita awon kiriyatinin a ɗakunan gwaji na ƙasashe da yawa a kan ma'auni guda, abin da ya sa adadin jini ya ɗan sauko, amma ba a sake gina ƙa'idar a kan sabon ma'aunin ba. Mudu ya canza, farashi yana nan yadda yake.

Abu na biyu shi ne batun mata. Asibitin tsofaffin sojoji ne, kuma a kan maza aka gina layin. Ragin kashi 15 cikin 100 bai fito daga awon da aka yi wa mata a wannan bincike ba, ƙiyasi ne bisa sanin cewa mace ta fi namiji kitse, ta kuma gaza shi tsoka. Ba mu ce ƙiyasin ya yi nisa da gaskiya ba. Abin da muke cewa shi ne, rabin al'umma sun shiga ƙa'idar ne ta hanyar gyaran fuska, kuma littattafan karatu ba safai suke faɗin haka ba.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ɗaukar nauyin jiki a matsayin wakilin tsoka. Kilogiram na kitse ba ya yin kiriyatinin, haka ma kilogiram na ruwan kumburi. Mai ƙiba ƙwarai, ko mai ciwon zuciya ko hanta da ƙafafunsa da cikinsa suka cika da ruwa, ƙa'idar za ta ba shi ƙodar da ba shi da ita. Haka nan wanda doguwar jinya ta cinye masa tsoka, ko wanda aka yanke wa ƙafa, ko shanyayye, kiriyatinin ɗinsa zai zauna ƙasa ba don ƙodarsa tana da ƙarfi ba, sai don masana'antar da ke yin dattin ta ragu. Ƙa'idar ba ta dace da yara ba, ba ta kuma dace da mai juna biyu ba, wadda tacewar ƙodarta take ƙaruwa da kusan rabi. Ba ta da amfani kuma idan ƙoda ta tsaya farat ɗaya, kamar bayan zubar jini wajen haihuwa ko amai da gudawa mai tsanani, domin kiriyatinin yakan ɗauki kwanaki kafin ya taru ya nuna ɓarnar da ta riga ta auku. Ga kuma ƙananan abubuwa: dafaffen nama da yawa, a ce mutum ya ƙoshi da tsire kafin a ɗebi jininsa, yana ɗaga adadin na wasu awoyi, maganin nan Septrin da kuma simetidin na gyambon ciki su ma suna ɗaga shi ta hanyar toshe zubawar bututu, alhali tacewa ba ta canza ba.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi cewa ƙa'idar ta fi kallon kiriyatinin tsurarsa nesa ba kusa ba. A ɗauki mutum biyu masu adadi ɗaya, 1.0, wanda kowane ɗakin gwaji zai rubuta cewa lafiya lau ne. Saurayi ɗan shekara 25 mai kilogiram 80, ƙa'idar za ta ba shi kusan 128. Tsohuwa 'yar shekara 70 mai kilogiram 45, za ta ba ta kusan 37. Takardar gwaji iri ɗaya, amma ƙodar tsohuwar ba ta kai sulusin ta saurayin ba. Idan aka ba su allurar jentamaisin bisa tsari ɗaya, maganin zai taru a jikin tsohuwar, ya ƙarasa ƙodar, ya kuma iya taɓa jinta. Wannan misali kaɗai ya isa hujjar ci gaba da koyar da ƙa'idar.

5.0 MAGADANTA DA BATUN LAUNIN FATA

Waɗanda suka zo daga baya sun gyara babban aibin farko, suka kuma shigo da nasu. A 1999 Andrew Levey da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da ƙa'idar MDRD daga majiyyata 1,628, wadda aka gwada ta da awon tacewa na haƙiƙa, ba da jarka ba. A 2009 aka biyo da ta CKD-EPI. Dukansu biyu sun jefar da nauyin jiki, amma sun sa wani ninki na musamman ga baƙar fata: 1.212 a ta farko, 1.159 a ta biyu. Ma'ana, da adadin jini ɗaya, za a ƙara wa baƙar fata kashi 21 ko 16 cikin 100 na ƙarfin ƙoda. Daga baƙaƙen fatar Amurka aka samo lambar, amma sai ta bi littattafai da injunan gwaji ta ƙetaro teku, aka riƙa ninka ta a kan mutanen da abincinsu da girman jikinsu ba su yi kama da na waɗancan ba.

Binciken da aka yi a Afirka ya nuna illar. A 2010 Eastwood da abokan aikinsa suka buga sakamakon mutum 944 a yankin Ashanti na ƙasar Gana, inda suka ga ninkin launin fata yana kai ƙiyasi sama ƙwarai da abin da aka auna, cire shi kuma yana kusantar da su, ita kuwa ta Cockcroft da Gault ta faɗo ƙasa da awon. A 2022 aka buga wani bincike mafi girma a mujallar Lancet Global Health, na mutum 2,578 a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu, wanda aka auna tacewarsu kai tsaye da sinadarin ayoheksol. An tarar ƙa'idojin da suka dogara ga kiriyatinin suna ƙara wa ƙoda ƙarfin da ba ta da shi, ninkin launin fata yana daɗa munana abin, kuma kuskuren ya fi yawa ga waɗanda ƙodarsu ta riga ta yi rauni. Waɗanda awon kai tsaye ya sa ƙasa da 60 sun ninka waɗanda kiriyatinin ya nuna fiye da sau biyu. A Amurka da Birtaniya an soke ninkin a 2021, aka kuma sake gina CKD-EPI ba tare da shi ba. Amma soke ninki bai mai da mutanen Malawi ko na Gana cikin waɗanda aka gina ƙa'idar a kansu ba.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. An daɗe ana kokawa da yawan cutar ƙoda a yankin Gashuwa na Jihar Yobe da na Haɗejiya a Jihar Jigawa, cuta ce kuwa da ba ta yin ciwo a farkonta, sai gwaji ne yake tona ta. Kiriyatinin kansa ba ya tashi a fili sai ƙoda ta yi asarar kusan rabin aikinta. Idan aka ɗora ƙa'idar da ke ƙara kyautata sakamako a kan gwajin da dama can mai jinkiri ne, ramammen manomi zai koma gida da takardar lafiya a daidai shekarun da maganin hawan jini ko na sukari zai iya jinkirta masa zuwa injin wanki. Sistatin si, wani furotin na jini da bai dogara ga tsoka ba, ya fi dacewa a binciken 2022, sai dai ya fi kiriyatinin tsada, ba kowane asibiti ne yake yin sa ba.

Ita kuwa ƙa'idar 1976 har yau ba ta bar fage ba, saboda a kanta aka tsara ƙimar magunguna da yawa a lokacin gwajinsu, kuma takardun da ke cikin kwalayensu da ita suke magana. Tenofobir na masu cutar ƙanjamau, alal misali, ana sauya tsarin shansa ne idan awon tsamewa ya faɗi ƙasa da 50. Malamin da zai koyar da ita a aji lalle ne ya nuna wa ɗalibansa inda 140 da 72 suka fito, ya sa su kalli jikin majiyyaci kafin su kalli sikeli. Ya kuma ja hankalinsu ga ma'auni, domin yawancin ɗakunan gwajinmu a maikuromol cikin lita suke rubuta kiriyatinin, ba a miligiram ba. Sai an raba adadin da 88.4 kafin a sa shi a ƙa'idar, ko kuma a bar 72 ɗin, a ninka na sama da 1.23 ga namiji, 1.04 ga mace, sa'an nan a raba da adadin yadda ya zo a takarda.